Kalmar da Ta Tsayar da Hannun Kawu

Kawu Bartholomew mutumin Zonkwa ne, ya sauka jihar Maryland ta Amurka a 2004. Aikinsa kula da tsofaffi a wani gida a Silver Spring: ya yi musu wanka, ya ba su abinci, ya rera musu waƙoƙin coci da Hausa, su yi ta gyaɗa kai ba su ji ko kalma ɗaya. Da ya haura hamsin sai ya shiga ajin Helenanci na cocinsu, wato harshen da manzanni suka yi rubutu da shi.

Matarsa Atine ta ce, "Baban yara, Turancin ma sai da gyara, ina kai ina Helenanci?"

Ya ce, "Tsohon doki ma yana koyon sabuwar hanya."

Ban da coci, ransa na kan wani lambu a Wheaton, fili ne da aka yanka ƙanana aka raba wa mutane. Nan yake noma yakuwa da gauta. Ganin ƙwazonsa, kwamitin lambun ya naɗa shi mai duba filaye. Dokar kuwa ba wasa: wanda ya bar nasa ciyawa ta cinye, a karɓe a ba masu jira.

A damina ta 2013 dokar ta faɗa kan maƙwabcinsa Sabo, direban tasi ɗan Maraɗi. Matarsa ta haifi tagwaye, ya duƙufa kan tuƙi, filinsa ya koma daji. Kwamiti ya ce Kawu ya sa hannu a karɓe.

A makon ne aka koya musu kalmar anoke, wadda ake faɗa game da haƙurin Allah da masu laifi. Malamin ya ce ba yafewa take nufi ba. Riƙe hannu ne: hukunci ya cancanta, mai hukunci ya ɗaga hannu, sai ya tsayar da shi don mai laifi ya sami sararin juyowa. Kawu ya dawo gida yana ta juya maganar, har tuwonsa ya huce.

Ya roƙi kwamiti wata guda, aka ba shi da ƙyar. Sannan ya tare Sabo a wajen ajiye motoci, ya zayyana masa kalmar tun daga tushe.

Sabo ya yi dariya. "Malam Barto, duk wannan yaren don ciyawa? A garinmu talala muke cewa, mai kamar sake."

"A'a. Mai talala jira yake ka yi nisa ya fizgo. Ni jira nake ka dawo. Amma ka sani, wata na cika zan sa hannu."

"Ba za ka taya ni nome ba?"

"Ko tsinke. Hannuna na riƙe, ban ara maka shi ba."

Makonni suka shige, ba Sabo ba labarinsa. Kawu ya kasa sukuni. Kullum yakan tsaya bakin filin yana kallon ciyawa, fartanya na ƙaiƙayi a hannunsa, ya daure ya wuce. Abin da bai gane ba shi ne yadda kuɓewar Sabo ke nan kore shar cikin wannan zafi. Ashe Atine ce ke zagayowa da bokiti.

"Ni ban shiga ajinku ba," in ji ta, "dokar ba ta hau kaina ba."

Asabar ta ƙarshe Kawu ya taho jiki a sanyaye, shugabar kwamiti, wata Baturiya, na biye da shi. Tun daga ƙofa suka ji Hausar Maraɗi na tashi. Sabo ne da direbobi 'yan'uwansa, sun ajiye tasi a jere, sun tuɓe riguna, ciyawa ta zama tudu. Matarsa na zaune a inuwa, tagwaye a cinya.

Kawu ya jefar da hularsa sama, ya kama waƙa da ƙarfi har Baturiyar ta ja da baya.

Sabo ya share gumi ya ce, "Malam Barto, sauke hannun haka nan, kada ya sage. Zo ka ɗauki Hassan, uwar ta gaji."