Hutun da na ɗora wa Kulu

Kulu ta taka da ƙafarta daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwa Uku, ta dawo ba ta zauna a hanya ba!

Assalamu alaikum. Ku yafe ni, murna ce ta riga sallama fita. Wata bakwai ke nan ba ku ji ɗuriyata a nan ba.

Kulu jikata ce, shekararta sha shida, a hannuna take tun rasuwar ubanta. Da ta zama budurwa na kafa doka: ba tsallen igiya, ba aike, ba leƙen ƙofar gida. Makaranta ma ɗan adaidaita ke ɗaukarta daga bakin zaure. In ta dawo, sai katifa da waya da lemon kwalba. Ta yi ƙiba, ina ta murna wai hutu ya karɓe ta.

Sai ciwon kai. Sai haki. Ran nan ta dafe ƙirji ta ce, "Tsoho, zuciyata kamar za ta faso."

Sai na ƙara tsare ta. Ko buta na hana ta ɗauka. Wata biyu tana kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon katangar maƙwabci.

"Tsoho," in ji ta, "ko ɗan kurkuku ana fito da shi ya sha rana."

Da jiri ya kayar da ita muka nufi asibiti. Layin kati, ɗibar jini, wayoyi a ƙirji, hoton zuciya. Ina kan benci ina tuna ranar da na binne ubanta.

Likita ta ce hawan jini ne da kitse a jini, zuciyar ta fara wahala. Ta tambaye ni, "Baba, wane motsi take yi a rana?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, ko tsinke ba ta ɗagawa."

Ta ajiye biro. "Baba, wannan zaman yana cikin abin da ya kawo ta nan."

Ta rubuta magani, ta ƙara da tafiyar ƙafa kullum. Da karatuna na yaƙi da jahilci na bi takardar sau uku. Budurwa tana zaga titi, me unguwa za ta ce? Kwana huɗu takardar tana aljihuna.

Da na faɗa wa Kulu damuwata, ta ce, "To ka raka ni mana, in ƙafarka za ta iya."

Ranar farko a bakin layi ta zube kan dakali tana kuka. 'Yan majalisar hira da ke zaune a wurin suka ce, "Alhaji, amarya ba mota?" Na daure. Washegari muka ƙara taku kaɗan.

Jiya likita ta ce jinin ya sauka, amma kada a daina magani.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da ba ta ji nauyin furfurata ba. Iyaye, in yarinya ta fara haki a kai ta a auna, a bi maganar likita. Lafiyayyu kuma a bar su su motsa.

Igiyar da na ƙwace na mayar mata. Gobe bayan La'asar ƙofata a buɗe take. Ku zo ku ga Kulu tana tsalle, ni ke ƙirgawa.