Tukunyar Kakan Alƙali

Ku sababbin ma'aikata, har gobe ban manta da ranar da tsafta ta kusa raba Hajiya Rabi da aikinta ba. Lokacin ni ce shugabar masu shara a kamfaninmu, aka ba mu kwantiragin wata tsohuwar kotun ƙauye, can gaba da garin Summerfield, a nan ƙasar Turawa. Ginin jan bulo ne mai fararen ginshiƙai. A zaurensa an jera kayan tarihi: hotunan alƙalai masu gemu, garma, ƙararrawa, da wata ƙatuwar tukunyar tagulla mai dogon bututu, tsufa ya sa ta yi kore shar.

Dokar zauren ita ce ƙura kawai ake kakkaɓewa. Na faɗa wa Hajiya, ta ce to. Amma mace ce da ko tukunyar maƙwabta ta gani da baƙi sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. Ashe ta ƙunso lemun tsami da gishiri a jaka. Kafin in sauko daga bene, tukunya tana ƙyalli kamar jeren amarya. Har hoto ta ɗauka tana dafe da ita, ta tura wa matan islamiyyarmu.

Baturiyar da ke kula da kayan ta zo ta ɗora hannu a ka. Wai koren nan shi ne tarihin, kuma yau sai an sallami wadda ta kankare shi. Na ce mata ni na kawo Hajiya, in kora ce a fara da ni. Muna cikin haka wani tsohon alƙali mai ritaya, da ke leƙowa shan kofi, ya dogaro sandarsa. Ya zagaya tukunyar, ya ce ta kakansa ce, rabonta da kyau haka tun ranar da 'yan sanda suka ƙwace ta. A ƙyale matar nan.

Hajiya ta tambaye ni me ya haɗa 'yan sanda da tukunya. Ni da na shiga yaƙi da jahilci da furfurata ba don ado na yi ba, sai na karanta mata allon da ke gefe: giya ake dafawa da ita a ɓoye cikin daji.

Ta dubi hannuwanta. "Ladi, a kan tukunyar burkutu na yi bisimilla?"

Na ce, "Har da hoto, Hajiya. Malamar islamiyya ma ta amsa, ta ce Allah ya sanya albarka."

Aiki dai ya tsira. Abin da na koya, a irin wuraren nan datti ma da mai shi, don haka ku karanta allo kafin ku ɗauki soso. Ita kuwa Hajiya, har muka bar kotun nan ta bayan ƙararrawa take zagayawa, don kada ta gifta ta gaban tukunyar.