Mista Sylvanus Mai Hoton Ƙarfe

Tun a mota Aissa, matata, ta ce in rage ɗoki, duk abin da na ɗora wa rai haka sai ya zo da tangarɗa. Ta yi gaskiya. Saura kaɗan mu dawo da hoton da ba zan iya nuna wa mahaifiyata ba.

Mista Sylvanus dattijo ne, baƙar fatar Amurka, a East Greensboro yake. Kullum da hantsi yakan buɗe garejinsa, ya goge baƙaƙen farantan ƙarfe, ya zauna jiran rana ta hau bango. Hoto irin na zamanin kakanninsa yake ɗauka. Sai ya zuba wa faranti wani ruwa mai warin asibiti, ya shige ƙarƙashin baƙin mayafin kyamararsa, kai kuma ka tsaya ko ƙifta ido babu. Kowane hoto guda ɗaya ne, ba a wanko na biyu. Ƙarshen watan nan zai rufe garejin, idanunsa sun gaji.

Ɗana Kader ya shiga soja, aka ce za a tura su Iraƙi. Mahaifiyata, Inna Tchima, ta aiko daga Maraɗi cewa abu ɗaya take so, ta ga hannuna a kan yaron ina sa masa albarka.

Muka tsaya ni da Kader a gaban kyamarar, na ɗora masa hannun dama. Da Mista Sylvanus ya tsoma farantin a ruwa, sai muka ga fuskar Kader tana tahowa a hankali, kamar wanda kake gani a mafarki yana nufo ka daga nesa. Aissa ce ta leƙa ta ce, "Malam, da hagu kake sa wa yaro albarka?"

Ashe wannan hoton juya mutum yake yi, dama ta koma hagu.

Kader ya yi dariya, ya ce da Turanci, "Baba, ɗora hagun mana, ai sai ta fito dama."

Na ce, "Inna za ta ga dama. Allah fa, wanne zai gani?"

Mista Sylvanus bai yi dariya ba. Ya ce in gaya masa bambancin hannayen biyu a wurinmu, ya saurara har na gama. Rana ta fara sauka, shi kuma ba ya aiki sai da haskenta. Ya shiga gida ya ciro madubin bangon ɗakinsa, ya rungumo shi yana haki, ya jingina a tsakar gareji. Mu muka fuskanci madubi, shi ya ɗauki abin da ke cikinsa. Hannuna ya fito a dama.

Kai ne, Sylvanus, mai haƙurin jiran haske. Ba addininmu ɗaya ba, ba ka taɓa ganin Maraɗi ba, amma ka ɗauki damuwar tsohuwar da ba ka sani ba kamar ta mahaifiyarka. Na gode, Allah ya saka maka. Matasanmu masu son kyamara, ku je ku zauna kusa da shi kafin ya ja ƙofa, ku koyi yadda ake tambayar mutum kafin a ɗauke shi.

Hoton ya isa hannun Inna, an ce a ƙarƙashin matashinta yake kwana. Kader yana can Iraƙi tun bara. Har yau ba a gaya mana ranar dawowarsu ba.