Ƙwayar da Sai-Tasha Yake Tofarwa

Sai-Tasha ake ce masa, kuma ya ci sunansa. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a hanya guda, awa biyar zuwa, awa biyar dawowa, in ya tayar da inji ba mai tsayar da shi. Mace ta ce ɗanta zai yi fitsari, ya ce, "Ai kuwa sai tasha." Fasinjoji su yi ta tsine masa a baya, gobe kuma su yi rububin motarsa, don shi ke isa da wuri. Ƙato ne, ga son gishiri kamar akuya, ga taurin kan tsiya. Tun yana ɗan arba'in aka ce yana da hawan jini, ya ce dama jinin direba ba ya kwanciya.

Da matakalar bas abin ya fara. Taku biyu ne kacal, amma in ya hau sai ya zauna yana haki. Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, ya koma silifa. Barci ya gagara sai a jingine da filo uku, ga tari. Wata safiya matarsa ta danna masa ƙwauri da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Tashi, Baban yara," in ji ta. "Yau ko kana so ko ba ka so, asibiti za mu."

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka ɗebi jini, aka yi hoton zuciya, sannan ta zaunar da su.

"Baba, zuciyarka ce ta gaji. Hawan jinin da ka ƙyale ya sa ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta, yanzu ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu."

"Famfo ya yi sanyi ke nan," in ji shi. "Ba a sauya shi?"

"Ba irin na mota ba ne, Baba. Lallaɓa shi ake yi."

Ta hana shi gishiri, ta rubuta ƙwayoyi uku na taimakon zuciya, da wata 'yar ƙarama fara mai fitar da ruwa ta fitsari. Wannan ce ta ja masa kunne a kanta, ta ce kada ya kuskura ya tsallake ko rana ɗaya.

To, 'yar ƙaramar nan ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. Ya sha da safe, kafin ya fita gari mara ta cika. Ranar farko sau huɗu ya tsaya a hanya. Fasinjoji me za su yi in ba dariya ba? "Jama'a, ku leƙo, yau Sai-Tasha ne tsugune a gefen titi!" Labari ya riga shi isa tasha. Direbobin da shi ya koya musu riƙe sitiyari suka riƙa tambayarsa ko a sa masa fo irin na yara a ƙarƙashin kujera. Ya daure har mako biyu. Sai shugaban tasha ya ja shi gefe.

"Yaya, ba korarka nake ba. Amma in jiki ya ƙi, akwai masu jiran layin nan."

Maganar ta soke shi har zuci. Ban da bas ɗin nan me yake da shi? Bai iya noma ba, bai iya zaman gida ba. Daga ranar, matarsa ta miƙo ƙwayoyi da kofin ruwa, ya haɗiye ukun, ya maƙale ƙaramar a ƙarƙashin harshe, yana fita ƙofa ya tofar. Ita kuwa baiwar Allah har faɗa wa maƙwabta take yi cewa Baban yara ya yi hankali.

Mako bakwai aka yi a haka. Wata safiya ana lodi aka same shi kife a kan sitiyari, numfashi ya sarƙe, leɓe ya yi baƙi. A gadon asibiti, da robar iska a hancinsa, ya ji likita tana tambaya ko yana shan ƙaramar.

"Wallahi da hannuna nake ba shi kullum," in ji matarsa.

Ya juyar da fuska bango. Shekara talatin da biyar tana zaune da mutumin nan, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Ta fita baranda ta yi kukanta.

Aka ba wani makullin bas. Ya dawo gida ya rame, sai kujerar tsakar gida. Kullum da safe ta tsaya a kansa har ya haɗiye, sannan ta ce, "Buɗe bakin. Ɗaga harshe." Mutumin da gari guda ke shakkar yi wa musu ya buɗe, ya ɗaga, hawaye na zuba. Bai ƙara tofar da ko ɗaya ba, sai dai zuciyar ta riga ta yi nisa. Bai cika wata biyar ba ya rasu.

Masu ta'aziyya suka yi ta ce mata kwana ne ya ƙare, ta yi haƙuri. Ta ce ta sani. Sai da suka watse ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Mako bakwai ina miƙa masa ruwa ina murna. Ko sau ɗaya ban ce ya buɗe bakin in gani ba."