Hannun Baba Rula

A ofishin zanen gidaje da ke saman shagon fenti, an daɗe da manta sunansa na yanka. Baba Rula ake ce masa, tun zamanin da ake zane da fensir a kan faffaɗar takarda, domin an ce idan ya ja layi da hannu ka ɗora rula a kai, rular ce za ta ji kunya. Gidaje da yawa daga ƙarƙashin hannunsa suka fito, har da makarantar da jikokinsa ke zuwa. Nasa gidan kuwa ɗaki uku ne, kuma har gobe matarsa tana yi masa gorin ƙofar kicin ɗinta a karkace take.

Da kwamfuta ta zo, sa'o'insa suka tattara fensiransu suka koma gida. Shi ya ƙi. Ya zauna yana danna maɓalli da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar hatsi, har ya iya. Ofis ya ba shi laftof, ya tafi da ita gida da yamma, ya dawo da ita da safe. Allonta ya yi wa idonsa kaɗan, sai aka ajiye masa babba a tebur. Saboda haka kullum kafin ya fara aiki sai ya jona mata wayoyi biyar: ta allo, ta caja, ta maus, ta kibod, da ta firinta.

Ana nan sai hannun dama ya fara rawa. Likita ya ce magani zai rage, amma ba zai raba shi da ita ba. Zanen kansa bai gagare shi ba, don idan ya kwantar da hannu a kan maus, kwamfuta ce ke miƙe layin. Wayoyin nan ne suka zame masa ƙarfen ƙafa. Ramukan ƙanana, kowane baki da samansa da ƙasansa, hannu kuma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wata rana har ya lanƙwasa bakin wayar allo, ya ce faɗuwa ta yi.

Tsoronsa ɗaya ne. Oga, ɗan wanda ya kafa ofishin, mutum ne mai tausayi, kuma tausayin ne abin gudu. Ranar da ya ga hannun nan zai ce, "Baba, ka yi mana ƙoƙari, ka je ka huta." Baba Rula ya san hutun. Ya ga sa'o'insa zaune a ƙofar gida suna amsa gaisuwar masu wucewa. Shi bai gama ba, akwai sauran gidaje a kansa.

Sai ya koma riga kowa zuwa. Ya rufo ƙofa, ya kama waya da hannu biyu, ya yi ta fama yana gumi har ya gama kafin a fara shigowa. Ya daina shan shayi a ofis saboda kofi yana kaɗawa a kan faranti. Idan ya tashi, hannun yana aljihu.

Wadda ya fi tsoro ita ce mai teburin da ke fuskantar nasa, mai karɓar baƙi da amsa waya, wadda suke kira Anti Rediyo. Ita magana ba ta kwana a cikinta. Idan mai shagon fenti ya yi faɗa da matarsa, kafin ya gama buɗe shago ofis ya ji. Ilai kuwa, wata safiya mijinta ya sauke ta da wuri. Ta turo ƙofa ta same shi a sunkuye, bakin waya yana ta bugun gefen laftof, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya kasa samun rami.

"Baba, ina kwana? Yau fa hanya ba kowa, ka ga har na riga mai shara," in ji ta. Ta wuce taga tana ba da labarin wata mota da ta mutu a tsakiyar titi, ba ta juyo ba sai da ya gama.

Ya ce a ransa, shi ke nan, kashina ya bushe. Ya jira Oga ya kira shi, shiru. Washegari ma shiru.

Abin da ya biyo baya ƙorafi ne. Anti Rediyo ta tasa Oga a gaba a kan wayoyi. Yau ta ce sun harɗe mata ƙafa, gobe ta ce ofis ya zama gidan gizo-gizo, baƙi suna raina su. Ta ce ta ga wani ɗan akwati a ofishin ƙanenta, kuma ba za ta yarda a saya wa wasu a bar wasu ba. Oga ya ga ba zai sha ruwa ba, ya kira mai gyaran kwamfuta.

Mai gyara ya ajiye wa kowane tebur ɗan baƙin akwati mai ramuka a baya. Ya jona allo da caja da maus da kibod da firinta duk a jikinsa, ya ƙara wa masu zane allo na biyu. Waya ɗaya ce kawai ta fito zuwa laftof.

"Baba, waɗancan ba ka ƙara taɓa su," in ji shi. "Wannan kaɗai za ka sa, kuma ba ta da sama ba ta da ƙasa. Na manne maka ita a tebur, laftof ɗin za ka turo mata. Anti ce ta ce a yi haka, wai kada ta riƙa faɗuwa."

Da safe Baba Rula ya dafa laftof da tafukansa biyu ya tura a hankali. Ta shiga. Alluna biyu suka kawo haske tare, zanen shimfiɗar gida a ɗaya, fuskar gidan a ɗaya, manya-manya. Ya daɗe zaune yana kallo. Daɗin da ya ji, rabonsa da irinsa tun ranar da aka fara gina zanensa na farko.

Ya je yi wa Oga godiya. Oga ya yi dariya ya ce, "Baba, ni kunnena na ceta. Ka gode wa Rediyo."

Da ya fito sai ya dubi teburinta da kyau. Laftof ɗinta ba ta taɓa barin wurin ba, ba ta kuma da babban allo. Akwatinta na nan a gefe, wayarsa a naɗe cikin leda yadda ta zo, ta ɗora filas ɗin shayi a kai.

"'Yata," ya ce, "naki ba a jona ba."

"Ni me zan yi da shi, Baba? Ai ya yi daidai da filas ɗina."

Ta ɗauko babban kofi mai mariƙi, ta zuba shayi rabi, ta miƙo masa ba faranti. "Ka daɗe ba ka sha namu ba."

Baba Rula ya dubi kofin. Sannan ya zaro hannun daga aljihu, a gabanta, ya karɓa da hannu biyu. Shayin ya kaɗa, amma bai zube ba.

"Allah ya rufa miki asiri, 'yata."

"Amin, Baba," ta ce. Daga nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.