Katin Ƙwayar da Ya Ƙi Ƙarewa

Wata Asabar ce da damina, bayan La'asar, a ɗakin ƙanwata a unguwar Briqueterie. Daga ni sai ita, sai jaririnta yana barci.

Da aiki aka ciro mata yaron, likita kuma ya gargaɗe ta kada ta ɗauki wani ciki sai ɗinkin ya yi ƙwari. Saboda haka na ɗauki nauyin saya mata ƙwayar tazarar haihuwa a kantin magani mai rajista, don kada araha ta ja ta wajen masu kasa magani a rana a kasuwar Mokolo. Kati ɗaya na wata ɗaya ne. Amma duk sanda na ce zan kawo sabo, sai ta ce da saura.

Na fara zargin mijinta, cewa ya hana ta sha. Daga baya na zargi maƙwabciyarta mai yawan shigowa aron gishiri, ko raba katin suke yi. Ranar dai na ce ta miƙo shi in gani. Ta ciro shi daga cikin kwanon samira. An ɓalle 'yan ƙwayoyi a jere, an tsallake da yawa, an sake ɓallewa.

Mijin nata rakiyar shanu yake yi daga Arewa zuwa kasuwar Etoudi, ya fi daɗewa a hanya fiye da a gida. Ta ce wata mai sayar da atamfa ce ta koya mata dabara: a sha in maigida yana gari, a ajiye in ya tafi.

"Yaya, ke ma ki duba mana. Mutum ba ya nan, in yi ta haɗiyar kuɗinki a banza?"

Na gaya mata ƙwayar ba ta san da tafiyar kowa ba, kullum ake sha. Na tambaye ta rabonta da al'ada. Ta ce shayarwa ce ta ɗauke ta, tana maganar tana gyara wa yaro zane, ba ta dube ni ba. Ban yarda ba.

Ran Litinin na kai ta asibitin unguwa. A can na ji cewa ashanar tazarar haihuwa da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu tana shekaru, kuma kuɗinta bai kai abin da nake kashewa a kan kati ba. Awo ya nuna ciki. Aka sa mata ido har wata tara, aka sake yi mata aiki, ta tashi lafiya da 'ya mace. Kafin a sallame ta aka sa mata ashanar.