Tsinken da Baba tela ya jefa a tekun Jidda

Ko zan manta da komai na zamana a Makka, ranar da wani tsohon tela ya koya mini kallon ruwa ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina gyaran manyan motoci a wani kamfanin jigilar alhazai. Da aikin Hajji ya wuce sai titunan Muzdalifa zuwa Arfa su zama fayau, mu kuma ma'aikata mu yi ta tseren keke da gudu a kansu bayan la'asar. A nan abokaina suka zuga ni na shiga gasar nan mai wasa uku da ake yi a Jidda: iyo a teku, sai keke, sai gudu. Keke da gudu ban ɗauke su bakin komai ba. Iyo kuwa na tsane shi tun ina yaro a Kano, ranar da aka hankaɗa ni kududdufi na sha ruwa na ƙoshi.

Haka na daure wata shida ina zuwa wurin koyon iyo, fuska a murtuke kamar mai shan maɗaci. Na iya daidai gwargwado. Amma ranar gasa sai kwalekwalen masu ceto ya zo ya tsamo ni, wai lokacin da aka ɗiba wa iyo ya ƙare, ni kuma na yi can wani gefe ni kaɗai. Kekena ko taɓa shi ban yi ba. Kunya ta sa na faɗa wa abokaina cewa in aka sake tsamo ni na bar wasan har abada, kuma har cikin zuciyata na faɗa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a wurin koyo ina cinye wannan nisan cikin lokaci. To me teku ke yi mini?

A ƙasan gidan da nake haya a unguwar Misfala akwai wani tela ɗan Yawuri, Baba muke ce masa. Na kai masa wando gyara, sai hira ta kawo labarin. Ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya ce mahaifinsa masunci ne, shi ma a cikin kogi ya tashi. Ya tambaye ni abin da nake kallo in ina iyo. Na ce akwai baƙin layi a ƙasan wurin koyo, shi nake bi, a teku ma ƙasan nake kallo.

Ya yi dariya har da tari, ya ce da Hausarsa ta Yawuri mai gauraye da Larabcin Makka: "Mi kay yas can ƙasa da kaka biɗa, yaro? Yalla, ranar hutunka kai ni in ga tekun nan taku."

Da muka je, na zaci zai ce in tuɓe in shiga. Sai ya karya busasshen tsinke ya jefa a ruwa, ya tsuguna ya ce in tsuguna. Raina ya fara ɓaci, tafiyar awa guda don kallon tsinke. Amma can sai na ga tsinken yana sulalewa dama a hankali, alhali ruwan a idona kwance yake lumui. Ya ce ruwa tafiya yake yi ko bai nuna ba. Mai ƙetare kogi ba ya nufar inda yake son sauka, sama da wurin yake nufa, ruwan ya kai shi. Kuma yana zaɓen wani dogon abu a ƙetare, ya riƙa ɗaga kai yana duba shi. Ya zaɓa mini hasumiyar wani masallaci a ɗaya gefen gaɓar.

Tun daga ranar na zama mai jefa tsinke. Duk mako ina son in ga ina zai nufa da safe, ina da yamma, me iska ke canzawa. Ban ma lura da ranar da na daina ɓata rai in zan shiga ruwa ba.

Ranar gasa ta biyu tsinkena ya yi dama da sauri. Ana busa usur kowa ya miƙe sak zuwa wani ƙaton balan-balan da aka kafa a kan ruwa don a kewaya shi, ni kuwa na karkata hagu. Nan da nan na ga ni kaɗai ne, kamar wancan karon, ga kwalekwalen ceto yana matsowa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, zuciyata na cewa in koma cikin jama'a. Na ɗaga kai, na ga hasumiya tana inda ya kamata, sai na ci gaba. Ruwan ya yi ta tura ni har ya ajiye ni a jikin balan-balan, da yawa daga cikin 'yan gasar kuma suna can ƙasa da shi suna kokawar dawowa. Na fito da sauran lokaci. Ban ci gasar ba, a tsakiya na ƙare, amma da na dafa kekena sai da hawaye ya zubo mini.

Da na kawo wa Baba labari bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, madalla. Amma gobe ma ka jefa, kak ka ce ka san ruwan."

Shekara talatin na yi ina cewa ba na son ruwa, ashe ban taɓa tsugunawa na dube shi ba ko na minti biyar. Yanzu duk abin da na ji raina ya ƙi, nakan fara tambayar kaina ko na taɓa tsayawa na ga yadda yake tafiya kafin in yanke masa hukunci.